Malam Yakubun Bauchi: ɗan Gerawa da ya karɓo tutar Shehu

Kowa ya saba jin ana cewa Bauchin Yakubu, amma ba kowa ya san wane ne Yakubun ba, balle yaren gidan da ya fito.

Malam Yakubu ɗan Dadi ba Bafulatani ba ne, ba kuma Bahaushe ba. Daga Gerawa ya fito, mutanen da ke zaune a garuruwa irin su Tirwun tun kafin a san za a yi birnin Bauchi. Wani malami mai suna Isiyaku ne ya fara karantar da shi, daga nan ya tafi Degel wajen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yi shekaru yana ɗaukar karatu. Bayan an fara jihadi a 1804, Shehu ya ba shi tuta. Cikin manyan masu tuta, shi aka fi sani da cewa ba Bafulatani ba ne.

Da ya dawo gida ya fara zama a Inkil, sannan a 1809 ya kafa Bauchi ya kewaye ta da ganuwa. Labarin baka ya nuna sunan garin daga wani maharbi ne, Baushe. Ikonsa ya kai har Wase da Lafiya, ko da yake ƙabilu da dama na kan duwatsu sun ƙi miƙa wuya. A 1827, lokacin da Shehu Laminu na Barno ya doso Kano da runduna, Yakubu ne ya tare shi ya mai da shi baya. Ya rasu a 1845, ɗansa Ibrahim ya gaje shi, kuma har yau sarautar tana gidansa. Allah Ya jiƙansa.

To ina Geranci? Nan ne abin tunani. Karatu da Larabci ake yi, kasuwa da fada kuwa Hausa ta mamaye. Sannu a hankali Gerawa da yawa suka koma Hausa, har yau in kana son jin Geranci sosai sai ka nufi ƙauye wajen tsofaffi.

Irin wannan ta taɓa faruwa a Turai, sai dai can ta ɓulla ta wata hanya. Arminiyus ɗan sarkin wata ƙabilar Jamusawan dā ne, ya yi soja a rundunar Rumawa, ya iya Latinanci. Da ya koma gida sai ya juya musu baya, a shekara ta 9 bayan haihuwar Annabi Isa (AS) ya hallaka rundunoninsu uku a cikin daji. Rumawa suka tsaya a bakin kogin Rayin, ƙabilun tsallake suka ci gaba da yarukansu, waɗanda Jamusanci ya fito daga cikinsu. Faransa kuwa da Rumawa suka zauna, tsohon yarenta ya ɓace.

Ban kawo wannan don in ɗora wa Yakubu laifi ba. Addini ya je nema, kuma ya samo. Abin da nake so mu gane shi ne, in har gidan da ya riƙe sarauta sama da shekara 200 bai hana yarensa ja da baya ba, to mu da muke zaman baƙunta fa?

Babana fataucin shanu yake yi, ina bin sa Kudu. A kara na sha ganin yaran Hausawa suna ciniki da Yarbanci da buroka tiryan-tiryan, amma gaisuwar safe da Hausa sai sun yi ta in'ina. Iya yaren masu gari riba ce, babu musu. Amma in an shiga gida, don Allah a yi wa yara Hausa, a riƙa kai su Arewa hutu. Yare a bakin uwa da uba yake rayuwa.