Fela Anikulapo-Kuti: Ɗan Gidan Boko Da Ya Yar Da Sunan Aro

An haifi Olufela Olusegun Oludotun Ransome-Kuti ranar 15 ga Oktoba, 1938, a Abeokuta, cikin gidan da boko ya yi wa kaka-gida. Mahaifinsa, Rabaran Israel Ransome-Kuti, limamin coci ne, shugaban makarantar sakandare, kuma shugaban farko na Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya. Mahaifiyarsa, Funmilayo, ita ta jagoranci matan Abeokuta wajen bore kan harajin da aka ɗora musu, har Alake ya sauka daga karaga na wani lokaci a 1949. Yaron da ya tashi a irin wannan gida, ana sa ran ya zama likita ko babban ma'aikaci. 'Yan'uwansa biyu, Olikoye da Beko, likitocin suka zama.

A 1958 aka tura shi Landan, inda ya shiga kwalejin kiɗa ta Trinity. A can ya kafa ƙungiyar Koola Lobitos, ya kuma auri Remilekun Taylor, wadda ta haifa masa Yeni da Femi da Sola. Da ya dawo a 1963 sai ya kama aiki a gidan rediyon gwamnati a Legas, yana tsara shirye-shirye da rana, da dare kuma yana kiɗan hailaif haɗe da jaz. Waƙoƙinsa na wannan zamani na nishaɗi ne da soyayya, ba su taɓa masu mulki ba.

Sauyin ya zo ne a 1969, lokacin da ya kai makaɗansa Amurka, suka shafe kusan wata goma a Los Angeles. Nan ya haɗu da Sandra Smith, baƙar fata mai alaƙa da gwagwarmayar Black Panther. Soyayya ta shiga tsakaninsu, ita kuwa ta ɗora shi kan karatun tarihin baƙar fata, musamman littafin rayuwar Malcolm X. Mutumin da aka haifa a Afirka sai da ya ƙetare teku kafin ya fara tambayar kansa ko shi wane ne.

Ya dawo gida da amsa. Ya sauya wa ƙungiyarsa suna zuwa Africa 70, shi da makaɗin ganga Tony Allen suka gina salon Afrobeat, inda waƙa ɗaya kan kai minti 15 ko fiye. Ya koma rera mafi yawan waƙoƙinsa da Turancin buroka, domin direban mota a Legas da ɗan kasuwa a Accra su gane shi ba tare da tafinta ba. Ya kewaye gidansa ya kira shi Jamhuriyar Kalakuta, ya buɗe gidan rawa na Afrika Shrine. A tsakiyar shekarun 1970 ya yar da sunan Ransome, wanda ya ɗauka sunan bauta ne, ya maye gurbinsa da Anikulapo, wato mai ɗauke da mutuwa a cikin jakarsa.

Wannan zaɓi ya ja masa tsada. Bayan fitar faifan Zombie, wanda ya zolayi biyayyar soja ta ido rufe, sojoji kusan 1,000 suka far wa Kalakuta ranar 18 ga Fabrairu, 1977. Suka ƙone gidan, suka lakaɗa wa mazaunansa duka, suka jefo mahaifiyarsa ta taga. Ta rasu a Afrilun 1978. Kwamitin binciken gwamnati ya ɗora laifin kan sojojin da ba a san ko su wane ne ba. A 1979 Fela ya ɗauki akwatin gawa ya kai ƙofar barikin Dodan, fadar gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo, ɗan garinsu. A shekarar ne kuma ya nemi tsayawa takarar shugaban ƙasa, amma aka ƙi yi wa jam'iyyarsa rajista. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ɗaure shi shekara biyar kan zargin fita da kuɗin waje. Kungiyar Amnesty International ta ayyana shi fursunan ra'ayi, aka sake shi a 1986 bayan wata 20.

Tarihinsa da mata shi ne wurin da masoyansa ke sunkuyar da kai. Mata biyu ne suka buɗe masa ido, uwarsa da Sandra, amma ra'ayinsa a kan mace na mai gida ne da baiwarsa. A Fabrairun 1978 ya auri mata 27 a rana ɗaya, yawancinsu mawaƙa da 'yan rawar ƙungiyarsa. Bayan ya fito daga kurkuku ya sake su, yana ganin aure ba ya haifar da komai sai kishi da son kai. Mai yaƙi da danniya a waje bai iya ganin tasa a cikin gida ba.

Sa'ad da yake tsare, yayansa Farfesa Olikoye ya karɓi muƙamin Ministan Lafiya a 1985, ya riƙe har 1992, ya shimfiɗa tsarin kiwon lafiya a matakin farko da faɗaɗa rigakafin yara. Ɗaya ya yi aiki daga cikin gwamnati, ɗayan ya yi mata ihu daga waje, kuma tarbiyyar gida ɗaya ce ta fitar da su.

Fela ya rasu ranar 2 ga Agusta, 1997, yana da shekara 58. Shi da ya daɗe yana musun wanzuwar cutar ƙanjamau, ita ce ajalinsa. Olikoye ne ya fito gaban 'yan jarida ya faɗi haka, a zamanin da iyalai ke ɓoye cutar don gudun abin kunya. Dubban ɗaruruwan mutane suka yi dafifi a dandalin Tafawa Balewa da ke Legas don yi masa bankwana. 'Ya'yansa Femi da Seun sun gaji kiɗan, kuma duk watan Oktoba ana bikin Felabration, wanda Yeni ta assasa a 1998.