Ajayi Crowther, bawan da ya zama bishop a bakin kogin Kwara

Duk mazaunin Legas ya san titin Herbert Macaulay da ya ratsa Yaba da Ebute Meta, amma kaɗan ne a cikinmu suka san kakan mai sunan na wajen uwa, wato Samuel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da ya zama bishop a cocin Angilika. Na ɗauko tarihinsa ne saboda yadda wasu masu wa'azi na kowane ɓangare ke kafa lasifika a unguwanninmu suna yi wa juna habaici. Shi wannan dattijo ya gwada irin wannan hanya tun yana matashi, ya ga ba ta kai shi ko'ina ba, ya bar ta.

An haife shi wajen 1809 a Osogun, cikin jihar Oyo ta yanzu. A 1821 mahara suka faɗa wa garin, kuma ba abin ɓoyewa ba ne, akwai Fulani da Musulmin Yarabawa a cikinsu. Aka yi ta sayar da yaron daga hannu zuwa hannu, har da musayarsa da doki, kafin ya faɗa hannun Turawan Fotugal a Ikko. A 1822 sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin da ke ɗauke da shi, suka sauke bayin a Saliyo. Can aka yi masa baftisma a 1825, ya zama ɗalibin farko a kwalejin Fourah Bay a 1827, ya auri wata 'yantacciyar baiwa mai suna Asano, wato Hassana ke nan a bakinmu.

Yana malamin makaranta a Saliyo ne wani yaro Musulmi ya zo aji da laya a wuya. Crowther ya tsinke ta. Uban yaron ya zo a fusace, aka shirya zama da dattawan Musulmi, malam ya iso da Littafi Mai Tsarki da fassarar Alƙur'ani yana ganin yau zai ƙure su. Aka tashi babu wanda ya motsa daga inda yake. Shi da kansa ya ba da wannan labari a wani ɗan littafi da ya fito bayan mutuwarsa, kuma daga ranar ya gane cewa cin gardama daban, koyar da mutum daban.

To me ya koma yi? Harshe. Bayan an naɗa shi limamin coci a Landan a 1843, ya duƙufa kan Yarabanci, yana bin dattawa da malamai da masu tsafi yana tambayar ma'anar kalmomi. Shi ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki da aka kammala a 1884, wadda Yarabawa ke karantawa har gobe. Idan ka taɓa jin maƙwabcinka Kirista yana kiran addu'a adura, ko limami alufa, ai kalmomin da Musulmin Yarabawa ke amfani da su ne, masu fassarar ba su ƙyamace su ba. Ya kuma rubuta littattafan koyon Ibo da Nufanci. Abokin tafiyarsa a kogin Kwara a 1841, Bajamushe Schön, shi ne ya fitar da ƙamus na Hausa a 1876.

Tun daga 1857 aikinsa ya koma bakin kogi, daga Anacha zuwa yankin Lakwaja, daga baya har Bonny da Brass. Aka naɗa shi bishop a Kantabari ranar 29 ga Yuni, 1864. Tsarinsa a ko'ina ɗaya ne: a nemi izinin sarki, a buɗe makaranta, a koya wa yara karatu da harshensu, kada a gaggauta yi wa mutum baftisma bai san abin da ya karɓa ba. Ya sha zuwa Bidda wurin Etsu Masaba, kuma yakan kai wa sarakuna kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci.

Zaman da ya fi burge ni shi ne na fadar Ilori a 1872. A gaban sarki da malamai aka tambaye shi matsayin Annabi Isa a addininsa, tambayar da kan tada jijiyar wuya. Bai sassauta aƙidarsa don ya faranta musu ba, bai kuma taɓa mutuncin Musulunci ba. Sai ya buɗe Linjilar Luka inda Mala'ika Jibrilu ya yi wa Maryamu bushara, don ya san masu saurarensa na girmama su duka biyu, ya karanta ya bar nassin ya yi magana. Da aka nemi addu'a, ya nuna musu wadda cocinsa ke yi wa Sarauniyar Ingila, ya bayyana cewa a ƙasar wani sarki sunan sarkin wurin ake sawa. Irin wannan amana ce ta sa daga baya Etsu Maliki ya aika masa da takarda da Hausa, yana neman ya taimaka a hana shigo da barasa ƙasar Nufe. Sarkin Musulmi fa, yana kai kuka wurin bishop.

Sai dai makiyayi ba koyarwa kaɗai ke wuyansa ba, har da tsawatarwa, kuma a nan ne nake ganin ya yi rauni. Yawancin ma'aikatansa 'yan Saliyo ne masu ƙaramin albashi, a warwatse bakin kogi, shi kuma ya daɗe ba shi da jirgin kansa, sai ya jira na 'yan kasuwa. Wasunsu suka shiga fatauci, wasu shaye-shaye, a Anacha har aka yi wa wata yarinya dukan da ya kashe ta. Dattijon ya cika haƙuri da ba da uzuri.

Wannan ƙofa wasu samarin Turawan mishan suka bi. A taron da aka yi a Anacha a watan Agustan 1890 suka dakatar da fastoci baƙar fata a gaban idonsa, aka kai har kan ɗansa Dandeson, ba tare da an kula da cewa hurumin bishop ba ne. Mutumin da ya haura tamanin, sa'o'in jikokinsa suna masa gatse. Laifin wasu ma'aikata gaskiya ne, amma yadda aka yi wa kowa kuɗin goro ya nuna abin da ake son tabbatarwa shi ne baƙar fata ba zai iya riƙon coci ba. Ya sauka daga shugabancin kwamitin, ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891. Aka maye gurbinsa da Bature.

An binne shi a maƙabartar Ajele, sannan a 1976 aka mayar da ƙasusuwansa harabar babban cocin da ke Marina. Sai a 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗa shi, shugaban cocin Angilika na lokacin, Justin Welby, ya fito fili ya nemi gafara kan abin da aka yi masa.