Dokta Walter Miller da Ƙauyen Gimi: Bishara Tare da Sana'ar Hannu

A wannan darasi za mu duba rayuwar Dokta Walter Miller, wanda mutanen Zariya suka sani da Likita Mila. Yawancinmu mun san shi ta wurin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Amma akwai wani gefe na aikinsa da ba mu cika ambata ba, wato ƙoƙarin da shi da abokan aikinsa suka yi domin masu bi na farko su ci daga gumin kansu, kada su zauna jiran abin da mishan za ta miƙo musu.

An haifi Miller a Ingila a shekarar 1872. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta CMS. Kafin ya taka ƙasar Hausa, sai da ya je Tarabulus ya zauna cikin Hausawa fatake da alhazai yana koyon harshe daga bakinsu.

A shekarar 1900 su biyar suka taso daga Ikko ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, burinsu birnin Kano. Ba banza suka zaɓi Kano ba. Birni ne mai ganuwa wanda ya daɗe yana riƙe da kansa: ga kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ga marina, ga masaƙa da majema da dukawa, ga ayarin raƙuma masu kai tufafi da fatu har ƙetaren Sahara. Sun shiga birnin, an kai su gaban Sarki Aliyu Babba, amma bai karɓe su ba. Ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu su fita. Suka juyo kudu suka yada zango a Girku, cikin ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Rabaran Dudley Ryder, ya rasu. Ga idon mutum, tafiyar ta tashi a tutar babu.

Miller bai haƙura ba. A shekarar 1905 ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da ƙaramar makaranta. Shekaru suka yi ta wucewa, masu ba da gaskiya 'yan kaɗan ne. Su ma ɗin suna da babbar damuwa. Wanda ya bi Almasihu a cikin birni yakan rasa gadon gona, ya rasa abokan ciniki, wani lokaci har da matar aure. In ba a yi hankali ba, sai ya koma ɗan gidan Bature, ci da sha da sutura duk daga hannun mishan. Bangaskiyar da ke rataye a wuyan albashi kuwa, ranar da albashin ya yanke ana ganin abin da ya rage.

Ashe Ubangiji ya riga ya shirya wata ƙofa, kuma daga Kano ɗin da ta kore su. Tun a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Ƙarofi, an yi wani malami a birnin mai suna Malam Ibrahim, wanda nazarinsa ya kai shi ga girmama Annabi Isa ƙwarai, har ya tara almajirai. An kashe shi a kasuwar birnin saboda koyarwarsa, mabiyansa kuma suka watse zuwa wajajen Ningi da ƙauyukan Zazzau. Su ne ake kira Isawa. A shekarar 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo Zariya wurin Miller suna neman ƙarin sani game da Isa. Ya aika da masu bishara zuwa garuruwansu, da yawa kuma suka karɓi Bishara.

Waɗannan mutane manoma ne, kuma a warwatse suke. Sai aka nemi fili domin su taru wuri ɗaya, aka samu a Gimi, a yankin Maƙarfi. Nan fiye da mutum ɗari suka kafa ƙauye. Da hannuwansu suka gina ɗakunan kwana da majami'a da makaranta, suka share gonaki. Wanda aka ɗora wa kula da su shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiya, ƙasar da aka san ta da noman rake.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu lura. Hausawa sun daɗe suna noman rake a fadamu, amma galibi shansa ake yi. Rake kaya ne mai nauyi, jaki ba ya ɗaukar da yawa, kuma in ya kwana biyu bayan sara sai ya bushe ko ya yi tsami. Saboda haka manomi ba shi da ikon jiran farashi, dole ya sayar a kasuwa mafi kusa a yadda aka taya. Thompson ya kawo injin ƙarfe na matse rake wanda dabba ke juyawa, ya koya wa mutanen Gimi yadda ake tara ruwan raken, a dafa shi cikin manyan kasake har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Abin da muke kira mazarƙwaila ke nan. Ba ta da nauyi kamar rake, tana daɗewa ba ta lalace ba, ana iya kai ta kasuwa mai nisa. Tuƙar raken da aka matse, in ta bushe, ita ce makamashin dahuwa. Aikin kuma na rani ne, lokacin da manomi ba shi da abin yi. Mai doki ya samu haya, maƙeri ya samu gyara, ɗan dako ya samu lada, mai talla ya samu riba. Kuɗin yana zagayawa cikin gari kafin ya fita.

Amma Gimi ba ta daɗe ba. Akwai ƙudan tsando a kurmin da ke bakin rafi, ciwon barci ya shiga ƙauyen. A lokacin babu magani mai inganci a hannu. Cikin 'yan shekaru manya da yawa suka mutu, aka kwashe marayu zuwa makarantar Zariya, ƙauyen Kirista ya watse. Ba za mu ɓoye wannan ba. An zaɓi wuri mai ruwa da ƙasa mai kyau, amma ba a gane haɗarin da ke kwance a wurin ba, aka biya da rayuka.

Duk da haka abubuwa biyu ba su mutu ba. Na farko sana'ar. Maƙwabta Musulmi sun gani, sun koya, suka ci gaba da ita. Har yau yankin Maƙarfi sananne ne wajen rake da mazarƙwaila, ana kuma sayar da ita a kasuwannin Arewa, har da na cikin birnin Kano. Na biyu yaran. A shekarar 1929 mishan ta tashi daga birnin Zariya zuwa Wusasa, inda magina Hausawa suka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa bisa tsarin gininmu, aka kafa makaranta da asibitin St Luke. Daga wannan ƙaramar jama'a aka samu Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, daga zuriyar Isawa, wanda ya zama ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi.

Shi Miller bai so barin birni ba, gama yana ganin kada masu bi su ware kansu daga 'yan'uwansu. Ya koma Kano da zama, ya duƙufa kan fassara, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Mutum ne mai zafin rai da kaifin baki. Ya yi rigima da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, da jami'an mulkin mallaka, har da shugabannin CMS. Ba mala'ika ba ne, amma ya ba ƙasar nan fiye da shekara hamsin na rayuwarsa. Ya rasu a Bukuru kusa da Jos a shekarar 1952.

To, mu fa? Manzo Bulus ya yi ɗinkin tanti a Koranti domin kada ya nawaita wa kowa, kamar yadda muke gani a Ayyukan Manzanni sura 18. Irmiya sura 29 kuma ta umarci 'yan bauta su gina gidaje, su yi shuka, su nemi lafiyar garin da suke ciki. Yau matasanmu suna barin ƙauye zuwa birni domin babu abin yi da rani, ikilisiyoyi da yawa kuma suna jiran tallafi daga waje kafin su gyara rufin majami'a. Bari kowace majalisar dattawa, da zumuntar mata, da ta matasa su zauna su tambayi kansu: me muke nomawa muna sayarwa ɗanye da araha, alhali muna iya sarrafa shi? Gyaɗa ce, ko tumatir, ko citta, ko waken suya? Wa ke da sana'a a cikinmu da zai koya wa yara biyar? Adashinmu yana ƙarewa a biki ne, ko zai iya sayen injin niƙa? Mun duba ruwan sha da lafiyar jama'a kafin mu fara, ko za mu maimaita kuskuren Gimi? Kuma in mun samu, za mu bar maƙwabcinmu Musulmi ya koya ya amfana, yadda aka yi a can?

Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanmu, ya ba mu zuciyar riƙon amana, ya sa ikilisiyarsa ta zama albarka ga kowane garin da take ciki. Amin.