Tarihin Marigayi Musa Ɗanƙwairo Maradun: Ɗan Amshin Da Ya Zama Makaɗin Sarakuna

Yau za mu ɗan ajiye labaran Kannywood da sabbin waƙoƙi, mu waiwayi wani dattijo wanda kusan kowa ya taɓa jin muryarsa, ko a gidan biki, ko a wajen naɗin sarauta, ko a bidiyon TikTok na ango da babbar riga. Sai dai in ka tambayi matasa da yawa daga ina ya fito, sai ka ji shiru. Wannan dattijo shi ne Alhaji Musa Ɗanƙwairo.

Abin da ya jawo maganar shi ne bikin Latin Grammy, wanda ake yi duk shekara don karrama masu waƙa da harshen Sifaniyanci da na Fotugal. An fara shi a shekarar 2000 a Los Angeles ta Amurka. A wannan biki na farko, wanda ya ci kyautar sabon mawaƙi wani tsoho ne ɗan ƙasar Kuba mai suna Ibrahim Ferrer, yana da shekara 73. Mutumin ya daɗe yana waƙa a bayan wasu, har ya taɓa ajiye ta ya koma goge takalma, kafin duniya ta san da zamansa. Daga 2004 kuma suka ware lambar yabo ta musamman ga waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu a waƙa. To mu ma fa muna da namu da ya daɗe a sahun baya kafin ya fito gaba.

An haifi Musa a ƙauyen Ɗankadu da ke ƙasar Bakura, shekaru kaɗan bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Gidan kiɗa ya tarar. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, kakansa ma haka. Daga baya gidan ya zauna a Kaya ta ƙasar Maradun, shi ya sa sunan Maradun ya bi shi har yau. Laƙabin Ɗanƙwairo kuwa ya samo asali ne daga wani mai zaƙin murya da ke tare da mahaifinsa, ana ce masa Ƙwairo. Da yaro ya fara amshi aka ji muryarsa ta yi kama da tasa, sai aka riƙa kiransa ɗan Ƙwairo, suna ya zauna.

Tun yana ƙarami ya fara bin mahaifinsa wajen kiɗa, har da kiɗan noma da ake yi wa manoma a gona don a zuga su. Nan ya koyi amshi da riƙe kotso. Ga wanda bai sani ba, kotso ganga ce mai baki ɗaya, ana rataya ta a kafaɗa, a buga da hannu, a matse tsirkiyarta don sauya sauti. Ita ce abin kiɗan makaɗan fada da yawa a ƙasar Sakkwato da Zamfara.

Da mahaifinsu ya rasu, ba Musa ne ya gaje shi ba. Yayansa Kurna ne ya zama shugaban ƙungiya, shi kuma aka ba shi muƙamin daudun kiɗi, wato mataimaki mai jiran gado. Haka ya yi shekara da shekaru yana amshi a bayan yayansa. Ku duba fa, mutumin da ake ji yau kamar da shugabanci aka haife shi, sai da ya manyanta kafin ya ja tasa tawagar. A zamaninmu yaro zai yi waƙa biyu a situdiyo ya ce ya wuce ubangidansa.

Kuma yankin da ya tashi ba wurin wasa ba ne. A Isa ga Ibrahim Narambaɗa yana yi wa Sarkin Gobir Ahmadu. A nan kusa ga Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya riƙe Talata Mafara kafin daga baya ya zama Sarkin Musulmi. Duk wanda zai ɗaga murya a tsakanin waɗannan, dole ya zo da abin a zo a gani.

Ƙofarsa ta buɗe sosai a zamanin siyasar Jamhuriya ta Farko, lokacin da ya haɗu da Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato. Waƙoƙin da ya yi masa, musamman wadda aka sani da Mai Dubun Nasara, su suka fitar da shi daga Maradun zuwa Arewa baki ɗaya. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya taimaka wajen kai muryarsa garuruwan da ƙafarsa ba ta taka ba. Da aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966, kiɗan bai tsaya ba. Ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu, ya yi wa Sarkin Zazzau Aminu, da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da Sarkin Kano Ado Bayero, da masu sarauta da attajirai da dama.

Me ya sa waƙarsa ta fita daban? In ka saurara da kyau, za ka ji ba shi kaɗai yake yi ba. Zai fara magana, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani ɓangare ya karɓa daga wani, kamar an auna da ma'auni. Wannan sai an zauna an yi ta maimaitawa kafin a fita fada, kuma wanda ya daɗe yana amshi shi ya san yadda ake haɗa muryoyi haka. Ga kuma sanin tarihi. Zai jero kakannin sarki ɗaya bayan ɗaya, ya zuga shi, sannan ya juyo kan 'yan sarkin da ke hamayya da shi da habaici da zambo, ba tare da ya kama suna ba, amma kowa a fada ya san da wa ake.

A wancan zamani, karramawar makaɗi a bainar jama'a ake yin ta. Sarki zai ba da doki, ko riga da rawani, ko mota, ko kujerar Makka, sanƙira ya shelanta kowa ya ji. Amma doki yana mutuwa, riga tana tsufa. Abin da bikin Latin Grammy ya fi mu shi ne ajiya: an rubuta wa ya ci me, a wace shekara, da wace waƙa. Mu kuwa waƙoƙin Ɗanƙwairo da yawa suna yawo a waya ba sunan wanda aka yi wa, ba shekara, ba sunayen 'yan amshin da suka ɗauki rabin aikin. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi rubutu a kan makaɗan fada, amma matasa nawa ne suka leƙa?

Allah ya yi masa rasuwa a 1991, shekara biyar kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. 'Ya'yansa da jikokinsa sun ci gaba da riƙe kotso. Sai dai kowa ya san halin tsaron da ƙasar Maradun da Bakura da Mafara suke ciki a 'yan shekarun nan, kuma dattawan da suka ga zamaninsa da idonsu kullum raguwa suke yi.

Shawarata ga masu shirya bukukuwan karrama 'yan fim da mawaƙan Hausa: a ware kyauta ɗaya duk shekara ta tsofaffin makaɗa, a kira iyalansu, a karanta tarihinsu a gaban matasa, a tattara faya-fayansu wuri ɗaya. Mu kuma in za mu ɗora waƙarsa a bidiyo, mu rubuta sunansa da na wanda ya yi wa.

Allah ya jiƙan Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ya gafarta masa. Wace waƙarsa ce ta fi burge ku? Ku faɗa mana a ƙasa.