Robin Milner

Arthur John Robin Gorell Milner (13 ga Janairu, 1934 – 20 ga Maris, 2010) masanin kimiyyar kwamfuta ne ɗan ƙasar Ingila. An fi saninsa da samar da ƙa'idojin lissafi da ake bi wajen tantance yadda sassan manhaja masu aiki a lokaci guda ke aika wa juna saƙo, tun kafin a kunna manhajar.

Rayuwar farko

An haife shi a Yealmpton, kusa da birnin Plymouth. Ya yi karatu a Eton, ya yi aikin soja a sashen injiniyoyi, sannan ya shiga Jami'ar Cambridge. Bayan ya kammala, ya koyar a makarantar sakandare, ya kuma rubuta manhaja a kamfanin Ferranti.

Aiki

Milner ya yi aiki a jami'o'in Swansea da Stanford, kafin ya koma Jami'ar Edinburgh a 1973. Shi ne ya jagoranci ƙirƙirar yaren ML, wanda ke gano nau'in bayanan da ke cikin manhaja da kansa, ya kama kuskure kafin a fara aiki da ita. A 1995 ya koma Cambridge ya shugabanci sashen kwamfuta.

Nazarin sadarwa

Idan sashe ɗaya na manhaja yana jiran saƙo daga wani, shi ma wancan yana jiran na farkon, sai aiki ya cije. Gwaji ba ya cika tona irin wannan matsala, domin jerin aukuwar abubuwa yana sauyawa duk lokacin da aka kunna manhajar. A 1980 Milner ya wallafa tsarin CCS, wanda ke rubuta aikawa da karɓar saƙo a matsayin lissafi, yadda za a iya tabbatar da halayyar manhaja da hujja. Daga baya, shi da Joachim Parrow da David Walker suka samar da lissafin pi, inda har sunan hanyar saƙo ake iya aikawa a cikin saƙo. A kan wannan tubali Kohei Honda ya gina tsarin da ke duba ko ɓangarori biyu suna bin ƙa'idar zancensu daki-daki.

Karramawa da mutuwa

An ba shi lambar yabo ta Turing ta shekarar 1991. Ya mutu a Cambridge yana da shekara 76.