Robert Bosch (1861-1942) da Wutar Motocin Tsere na Dā

Duk wanda ya leƙa cikin injin ɗaya daga cikin tsofaffin motocin tsere na shekarun 1910 da 1920, irin waɗanda ke ajiye a gidajen tarihi na Turai, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne ƙarancin wayoyin lantarki. Da yawansu ba su da batir, ba su da fitila, ba su kuma da na'urar tayar da inji, sai dai a murɗa ƙarfe da hannu daga gaba. Abin da zai gani shi ne wata 'yar na'ura manne a gefen inji, da wayoyi masu kauri da suka fita daga cikinta zuwa fulogogi, da kuma wata siririyar waya guda da ta nufi wajen direba. Wannan na'ura ita ce maganeto, sunan da aka fi gani a jikinta kuwa shi ne na Robert Bosch.

An haifi Robert Bosch ran 23 ga Satumba, 1861, a ƙauyen Albeck kusa da birnin Ulm a kudancin Jamus. Shi ne na goma sha ɗaya cikin 'ya'ya goma sha biyu na wani manomi mai wadata, wanda kuma yake da masaukin baƙi. Ya koyi ƙirar ƙananan na'urori a Ulm daga 1876 zuwa 1879, sa'an nan ya shiga yawon neman ƙwarewa, har ya kai Amurka a 1884 inda ya yi aiki a masana'antun Edison, daga nan ya ratsa ta Ingila wajen kamfanin Siemens. A watan Nuwamba na 1886 ya buɗe ɗan shagonsa a birnin Stuttgart da mark 10,000, kuɗin Jamus na wancan zamani, daga gadon mahaifinsa. Ma'aikatansa biyu ne kacal. Shekarun farko ba su yi daɗi ba. Aikin da ya samu shi yake yi, daga sa wayar tarho zuwa ƙararrawar lantarki, a 1892 ma sai da ya sallami kusan dukan ma'aikatansa saboda rashin ciniki.

Kafin a gane abin da ya fitar da shi daga wannan hali, wajibi ne a san matsalar da ta addabi masu ƙera mota a lokacin. Injin fetur ba ya tafiya sai an kunna haɗin fetur da iska a cikin silinda, a daidai lokacin da fistan ya matse shi, ba kafin nan ba, ba kuma bayan nan ba, sau ɗaruruwa a cikin minti guda. Gottlieb Daimler yana amfani da wani ɗan bututu da ake gasawa da harshen wuta daga waje har ya yi ja. Ba sai an faɗa ba, wuta a fili kusa da fetur neman masifa ne, iska mai ƙarfi kuma tana iya kashe ta. Carl Benz kuwa batir ya dogara da shi, amma batiran zamanin ba su daɗewa suke mutuwa, motar kuma ba ta da hanyar sake cika su.

Maganeto ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi kansa ɗan injin ba da wuta ne: maganaɗisu ne da wani ƙarfe da aka naɗe da wayar jan ƙarfe a tsakiyarsa, idan injin mota ya motsa ƙarfen sai lantarki ya samu. Bosch ya ƙera na farko a 1887 don wani injin da ke kafe wuri guda, yana koyi da wani samfurin kamfanin Deutz, ya kuma gyara shi. To amma wannan nauyi gare shi, ba ya kuma iya bin inji mai sauri. A 1897 wani Bature ɗan Ingila, Frederick Simms, ya aiko masa da keke mai ƙafa uku na kamfanin De Dion-Bouton na Faransa, a gwada sa masa maganeto. Shugaban ma'aikatan shagon, Arnold Zähringer, shi ya gano dabarar: maimakon a riƙa kaɗa ƙarfen nan mai nauyi, sai a bar shi tsaye, a kaɗa wani ɗan kwanso marar nauyi da ke kewaye da shi. Da haka maganeto ya hau abin hawa.

Duk da haka da saura. Wutar wannan maganeto ba ta da ƙarfin tsallaka gurbi da kanta, saboda haka sai an sa wasu 'yan ƙarafa cikin silinda da ke haɗuwa suna rabuwa, tartsatsi ya tashi a lokacin rabuwarsu. Sanduna ne ke motsa su daga waje, kowane irin inji kuma sai an ƙera masa nasa. Wanda ya kawar da wannan wahala shi ne Gottlob Honold, tsohon yaron shagon Bosch wanda ya tafi ya yi karatu ya dawo a 1901. Honold ya naɗa waya iri biyu a kan ƙarfe ɗaya: mai kauri 'yar kaɗan, da siririya mai zagaye dubbai. Lantarki yana gudana cikin mai kaurin, sai wani ɗan makatsi ya yanke shi farat ɗaya, wannan yankewar kuwa ita ke haifar da wuta mai ƙarfin dubban volt a cikin siririyar. Irin wannan wuta tana iya bin waya ta je fulogi, ta tsallaka ɗan gurbin da ke bakinsa. An yi rajistar wannan ƙira a 1902. Sanduna suka tafi, waya ta maye gurbinsu.

A nan ne tsarin wayoyin motar tsere ya samo asali, sauƙinsa kuwa yana da nasa tarkon. Wayoyin fulogi dole su bi jerin da silindodi ke kamawa, wanda a injin mai silinda huɗu sau da yawa 1-3-4-2 ne. Aka musanya biyu, inji sai tari da harbi. Rufinsu dole ya zama mai kauri, a kuma nisanta su da ƙarfe mai zafi, domin wuta mai irin wannan ƙarfi ba ta ƙin gajeriyar hanya in ta samu. Siririyar wayar nan da ke zuwa wajen direba kuwa aikinta a juye yake. Ba ita ke kawo wuta ba, ita ke kashe ta: idan direba ya rufe makunni, sai ta haɗa maganeto da jikin mota, wutar ta zurare. Ma'ana, idan wayar ta tsinke inji ba zai mutu ba, ƙin mutuwa zai yi. Ga mai tsere wannan alheri ne a kan hanya, haɗari ne kuma ga makanikin da ya juya inji yana zaton a kashe yake. Wasu motocin ma an sa musu fulogi biyu a kowace silinda da maganeto biyu, dabarar da ƙananan jiragen sama masu injin fistan suke bi har yanzu.

Filin tsere shi ya sayar da kayan Bosch. A watan Yuni na 1903 gobara ta cinye masana'antar Daimler a Cannstatt, har da motocin da aka shirya don gasar kofin Gordon Bennett. Sai aka nemo motocin Mercedes masu ƙarfin doki 60 aka tafi da su ƙasar Ailan. Ran 2 ga Yuli, Camille Jenatzy, mutumin Beljiyam, ya ci gasar bayan ya yi mil 327 cikin sa'a 6 da minti 39. Abin lura, maganeton da ke motarsa tsohon samfurin nan ne mai sanduna, ba na Honold ba, amma sunan Bosch ne a jiki, abin da masu saye suka riƙe ke nan. Jenatzy mai jan gemu ne, ana yi masa laƙabi da Jan Shaiɗan, daga baya kamfanin ya yi shekaru yana talla da zanen da aka yi bisa kamanninsa. Ya zuwa 1913, kashi 88 cikin ɗari na cinikin kamfanin a wajen Jamus ake yinsa. A wannan shekara ya fitar da fitilun mota haɗe da dainamo da batir, a 1914 kuma na'urar tayar da inji. Daga nan wayoyi suka fara yawa a motocin hawa, motar tsere kuwa ta daɗe tana gudun nauyin batir.

Mai bin wannan tarihi zai ga cewa manyan dabarun biyu ba daga hannun Bosch suka fito ba, na Zähringer ne da Honold. Nasa rabon shi ne gane mai basira da riƙe shi, da kuma tsananin da yake yi a kan ingancin kaya. Ya mai da aikin yini sa'a takwas a 1906, lokacin da hakan baƙon abu ne, yana kuma biyan lada mai tsoka, har sauran masu masana'antu suka riƙa kiransa Jan Bosch, wato suna jingina shi ga 'yan gurguzu. Wannan bai hana ma'aikatansa yin babban yajin aiki a 1913 ba, abin da ya ɓata masa rai ƙwarai.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba shi da masana'antarsa ta Amurka, wadda gwamnatin can ta ƙwace. Ribar miliyoyin mark da ya samu daga kwangilar soja kuwa ya bayar da ita ga ayyukan jama'a. Ɗansa Robert ya rasu a 1921 bayan doguwar jinya, Honold kuma a 1923. Zamanin Hitler shi ne babi mafi nauyi. Bosch bai son mulkin Nazi, kamfaninsa ya ɗauki Carl Goerdeler aiki a 1937, mutumin da aka kashe a 1945 saboda hannunsa a yunƙurin kifar da Hitler, manajansa Hans Walz kuma ya taimaki Yahudawa. Amma kamfanin nan dai shi ne ya ƙera wa sojan Jamus kayan aiki, ya kuma yi amfani da dubban mutanen da aka tilasta wa aiki a lokacin yaƙi.

Ya ga buɗe asibitin da ya gina a Stuttgart a 1940. Ya rasu a wannan birni ran 12 ga Maris, 1942, yana da shekara 80, gwamnatin Nazi kuma ta yi masa jana'izar ƙasa. A 1964, bisa wasiyyarsa, aka mai da mafi yawan hannun jarin kamfanin ga wata gidauniyar taimakon jama'a mai ɗauke da sunansa.