Mary Celine Fasenmyer

Mary Celine Fasenmyer (4 ga Oktoba, 1906 – 27 ga Disamba, 1996), wadda aka fi sani da Sista Celine, malamar lissafi ce 'yar ƙasar Amurka, kuma sista ce a ɗarikar Katolika, wato ɗaya daga cikin matan da suka yi alƙawarin barin aure da mallakar dukiya domin hidimar addini. Ta shafe mafi yawan rayuwarta tana koyarwa a Kwalejin Mercyhurst da ke birnin Erie a jihar Pennsylvania. Maƙala biyu kacal ta wallafa a fannin bincike, amma dabarar da ta ƙirƙiro a kundin digirinta na uku ta zama tushen hanyar da kwamfuta ke bi a yau wajen tabbatar da ingancin wasu nau'o'in ƙa'idojin lissafi. Masana na kiran dabarar da sunanta har yanzu.

Farkon rayuwa

An haifi Mary Fasenmyer a ƙauyen Crown da ke yammacin jihar Pennsylvania, yankin da ya yi suna wajen haƙar man fetur. Mahaifinta George Fasenmyer yana cikin masu wannan sana'a. Mahaifiyarta Cecilia ta rasu tun Mary tana da kimanin shekara ɗaya a duniya, daga baya mahaifin ya sake aure. Iyalin mabiya ɗarikar Katolika ne, don haka aka tura ta makarantar St. Joseph da ke garin Titusville, garin da Edwin Drake ya haƙa shahararriyar rijiyar mansa a shekarar 1859. A wannan makaranta ne hazaƙarta a lissafi ta fara bayyana. Ta kammala sakandare a shekarar 1923.

Shiga hidimar addini da karatu

Bayan kammala sakandare ta shiga ƙungiyar Sisters of Mercy, wato sistocin jinƙai, inda ta karɓi sunan Celine. Catherine McAuley ce ta kafa ƙungiyar a birnin Dublin na ƙasar Ireland a shekarar 1831 domin koyar da 'yan mata da kula da matalauta da marasa lafiya, kuma sistocinta sun isa birnin Pittsburgh na Amurka a 1843. Su ne suka buɗe Kwalejin Mercyhurst a 1926 domin karatun mata.

Sista Celine ba ta samu damar yin karatun jami'a a jere kamar sauran ɗalibai ba. Kimanin shekara goma ta yi tana koyarwa a makarantu tana kuma karatu, har ta samu digirin farko daga Mercyhurst a 1933. Daga nan ƙungiyar ta tura ta Pittsburgh inda ta koyar a makarantar sakandare ta St. Justin, ta kuma yi digiri na biyu a Jami'ar Pittsburgh, wanda ta kammala a 1937. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ta tafi Jami'ar Michigan domin digiri na uku a ƙarƙashin kulawar Earl Rainville. Ta rubuta kundinta a 1945, aka ba ta digirin a 1946, tana dab da cika shekara 40.

Dabarar Sista Celine

Matsalar da ta yi aiki a kanta ta shafi jimillar dogon jerin lambobi. Masana lissafi sukan ci karo da jeri mai tsawo da ake so a tara, kuma abin da suke nema shi ne gajeriyar ƙa'ida da za ta ba da amsar ba tare da an bi lambobin ɗaya bayan ɗaya ba.

Misali mai sauƙi shi ne jadawalin Pascal, wanda ake jera lambobinsa kamar dala. Layin farko 1 ne. Na biyu 1 da 1. Na uku 1, 2, 1. Na huɗu 1, 3, 3, 1. Na biyar 1, 4, 6, 4, 1. Kowace lamba a ciki jimillar lambobi biyu ne da ke samanta. Idan aka tara kowane layi za a samu 1, 2, 4, 8, 16, wato jimillar kowane layi ninkin na bayansa ne. Dalili kuwa shi ne kowace lamba tana shiga layin da ke ƙasa da ita sau biyu. Irin wannan dangantaka, wadda ke fitar da amsa ta gaba daga amsoshin da suka gabata, ita ce abin da ake nema.

A jadawalin Pascal dangantakar a fili take, amma a jeri masu wuya ba ta bayyana da sauƙi. Kafin aikin Sista Celine, sai masani ya yi amfani da basirarsa ya lalubo wata dabara ta musamman ga kowace matsala. Ita kuwa sai ta nuna hanya mai matakai da za a bi. Da farko a ɗauka cewa akwai dangantaka tsakanin kowace lamba da maƙwabtanta, a rubuta ta tare da wasu adadin da ba a san su ba tukuna. Sannan a sauƙaƙa rubutun har ya koma rukunin ma'aunai na aljebra irin waɗanda ake koyarwa a sakandare. Idan aka warware su, an samu dangantakar. A ƙarshe sai a tara duka ɓangarorin, a fitar da ƙa'idar da jimillar kanta ke bi. Aikin yana da yawa idan da hannu za a yi shi, kuma ita da alƙalami da takarda ta yi nata, amma matakansa a tsare suke.

Ta wallafa sakamakon a maƙala biyu: ɗaya a mujallar Bulletin of the American Mathematical Society a 1947, ɗayar kuma a American Mathematical Monthly a 1949. Akwai kuma wani rukuni na ƙa'idojin aljebra da ta gabatar a kundinta wanda shi ma ake kira da sunanta.

Koyarwa

Bayan digirin ta koma Mercyhurst ta ci gaba da aikin da ƙungiyarta ta ba ta. Kwalejin ƙarama ce, koyarwa ce babban aikin malamanta, kuma Sista Celine ba ta sake wallafa wani bincike ba. Ta koyar fiye da shekara 30, ta kai matsayin farfesa. A zamaninta ne kwalejin ta fara karɓar ɗalibai maza a 1969. Ta yi ritaya a 1979.

Farfaɗowar aikinta

Malaminta Rainville ya yi bayanin dabarar a littafinsa mai suna Special Functions da ya fito a 1960, kuma ta wannan littafi ne aikin ya tsira daga ɓacewa. Duk da haka ba mutane da yawa ne suka gane muhimmancinsa ba a lokacin. Doron Zeilberger, masanin lissafi haifaffen Isra'ila, shi ne ya lura cewa dabarar da ke da matakai a tsare haka ta dace da kwamfuta, ya kuma wallafa maƙala a kanta a 1982. Daga baya shi da Herbert Wilf na Jami'ar Pennsylvania suka gina a kan wannan tushe abin da ake kira hanyar WZ, wadda ke sa kwamfuta ta tabbatar da ƙa'idojin jimilla masu yawa da kanta. Wannan aiki ya ja musu lambar yabo ta Steele daga Ƙungiyar Masana Lissafi ta Amurka a 1998.

A 1993 Wilf ya nemo ta a gidan tsofaffin sistoci da ke Erie, ya shaida mata inda aikinta ya kai, ya kuma gayyace ta taron masana lissafi a Boca Raton da ke jihar Florida. Ta halarci taron a 1994 tana da shekara 87, inda aka gabatar da ita ga mahalarta.

Rasuwa

Sista Celine ta rasu a Erie ranar 27 ga Disamba, 1996, tana da shekara 90. A wannan shekarar ce Marko Petkovšek da Wilf da Zeilberger suka fitar da littafinsu mai suna A = B, wanda ya keɓe babi guda ga dabararta. Ɗaliban da ke koyon yadda kwamfuta ke sarrafa aljebra suna karanta wannan babi har yau.